Labarin ɗori: adalci ne a raba Nura da Bilkisu a fejin ƙarshe?

'YarSamaru
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma ina son marubuta da makaranta duk su tanka. Wanda ya ɗauko taurarin fim ɗin da ba shi ya ƙirƙire su ba, ya ɗora musu nasa labarin, yana da hurumin raba masoyan a ƙarshe? Ni a ganina ba shi da shi. Abin da ke kai mu ga labarin ɗori shi ne masu fim sun ɓata mana rai, muna neman wanda zai share mana hawaye. A fim ɗin Indiyan da aka aro masoyan nan daga ciki an raba su. Anti Alƙalamin_Kwarbai ta ɗauko su ta kawo su Zariya, ta raɗa musu Nura da Bilkisu, shi yana koyon aikin likita a Shika, ita tana karatu a Kongo, muka ce alhamdulillahi, a nan dai za su samu juna. Jiya fejin ƙarshe ya sauka. Gwajin jini ya nuna dukansu AS ne, wato suna iya haifar ɗa mai sikila, suka haƙura da juna, ta auri Malam Sadisu, shi kuma ya rungumi aikinsa. An wanke Bilkisu daga ƙazafin da aka yi mata, mahaifinta ya nemi gafararta, ta kammala digirinta, duk na ji daɗin wannan. Amma abin da ya kawo ni ban same shi ba. Anti ki yi haƙuri, ba rashin kunya ba ce, raina ne bai kwanta ba.

Maman_Hanifa
Wa alaikumus salam. Riga ni kawai kika yi ƙanwata. Ni da yake sai yara sun kwanta nake samun karatu, ajiye fejin na yi sai bayan isha'i don in kwana da farin ciki. Wallahi sai da na yi kuka. Abin da muke ciki ya ishe mu, ga tsadar abinci, ga rashin wuta, ga labaran da ake ji a rediyo kullum. In na buɗe waya don in huta ba na son a biyo ni da abin da na gudo masa.

Zee_Hanwa
Ni ko magana ba na son yi. Sadisun nan daga ina ma ya ɓullo?

Ɗan_Tudun_Wada
Zee, Malam Sadisu bai faɗo daga sama ba. Shi ne malamin Islamiyyar da ya tsaya wa Bilkisu lokacin da unguwa ta juya mata baya, shi ya je har zauren mahaifinta ya ce a bincika kafin a yanke hukunci. Ku koma baya ku duba.

Maganar jinin ma tun farko aka shimfiɗa ta. Kun manta da Auwalu ƙanen Bilkisu? Yaron da idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, wanda in hunturu ya shigo Inna ke kwana tana gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi, yana kuka yana cewa ƙashinsa ake sara. Wurin da Bilkisu ta ɗauki takalmansa na makaranta bayan rasuwarsa, ta wanke ta tura ƙarƙashin gado, wa bai ji wurin nan a jikinsa ba? Marubuciyar da ta zauna ta rubuta mana Auwalu haka ta riga ta nuna inda ta dosa. Yarinyar da ta ga wannan da idonta ba za ta runtse ido ta yi auren ba. Da ta yi, da na ce ba Bilkisun da muka sani ba ce.

'YarSamaru
Yaya na tuna Auwalu sarai. Na ɗauka an kawo shi ne don a samu dalilin da zai sa Nura ya riƙa zuwa gidan. Kuma ai akwai mafita mai sauƙi: a ce gwajin farko kuskure aka yi, a sake a wani wuri a ga Nura AA ne. Littattafai nawa aka yi haka aka wuce lafiya?

Bazazzagiya
Ku bar batun wane ya ga alama wane bai gani ba. Ni maganata ta kuɗi ce. An ba mu fejin kyauta har daidai inda dangin Nura suka kai kuɗin gaisuwa, sannan aka ce mai son ci gaba ya biya naira 500. Muka tura, muka nuna shaidar biya, aka zuba mu a zauren masu biya. Duk wadda ta cire kuɗi a wannan gaɓar biki ta biya ta gani: lefe, kamu, ɗaurin aure, kai amarya, sannan "bayan shekara biyar" da 'yan biyu a hannu. In tela ya karɓi kuɗin ɗinkin biki ya kawo miki kayan zaman makoki, komai kyan ɗinkin sai kin yi magana.

Maman_Hanifa
Faɗa musu dai.

Malam_na_Kongo
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake bin ku. Ina so in tuna mana cewa daga garin nan namu aka assasa ƙagaggen labarin Hausa na boko, kuma tun farkon farawa ba duka ne suka ƙare da guɗa ba. A 1933 Hukumar Talifi, wadda a lokacin take nan Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar da ta fito da littattafan farko. Cikinsu akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mahaifiyar Umar ta bar gida tana cigiyar ɗanta, ta faɗa cikin bauta, ta ƙetare hamada, kuma da Allah ya haɗa su ba ta jima ba ta rasu. Ya samu ilimi, ya samu daraja, ya ga mahaifiyarsa da idonsa, amma bai more ta ba. Jiki Magayi kuwa, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East, ya fi haka ɗaci. Mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, ramuwar gayya ta bi ta kan ɗan da aka haifa, har ya zama ajalin ubansa. Waɗannan mun karanta su a aji, iyayenmu sun karanta su, kuma har yau ana nazarin su a jami'a a Samaru.

Ƙarshen da aka saba da shi yanzu, na Umra da Dubai da 'yan biyu, mugu ya haukace ko mota ta bi ta kansa, a ganina ya samu gindin zama ne tun daga littattafan soyayyar Kano da suka cika kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, intanet ta zo ta ƙara masa armashi. Ba na kushe shi, yana da masu buƙatarsa. Amma ba shi kaɗai muka gada ba.

Fulanin_Gyallesu
Malam Allah ya ƙara ilimi, amma ina ganin an kauce wa tambayar. Tafawa Ɓalewa shi ya ƙirƙiri Umar, in ya ga dama ya raya uwarsa in ya ga dama ya kashe ta, ba mai ce masa don me. Nura da Bilkisu kuwa aro aka yi. Mun zo da son su a zuciyarmu tun kafin Anti ta rubuta kalma ɗaya. Son nan shi ya tara mata jama'a. To wanda ya ci moriyar son da mutane ke yi wa wasu taurari, ba shi da nauyin ya ba su abin da ya tara su?

Malam_na_Kongo
Tambaya ce mai kyau 'yar uwa, kuma na yarda akwai bambanci. Sai dai in marubucin ɗori ba shi da ikon kai labarinsa inda ya ga gaskiya take, to ya zama magatakardan makaranta, su faɗa ya rubuta.

Sadiya_PZ
Bari in kawo yadda ake yi a wasu wurare, don ina karanta labaran ɗori na Turanci sosai. A shafin Archive of Our Own, wanda masoya irinmu suka kafa kuma suke gudanarwa da kansu, kafin ka ɗora labari dole ka cike gurbin gargaɗi. Cikin abubuwan da ake yin gargaɗi a kansu har da mutuwar babban tauraro. In ba ka son tona asirin labarinka akwai zaɓin da za ka danna ka ce ka zaɓi kada ka yi gargaɗi, mai karatu ya shiga da saninsa. Bayan wannan marubuta kan ƙara nasu bayanin a sama, su ce labarin nan zai ƙare da farin ciki, ko zai ƙare da daɗi haɗe da ɗaci. Mai irin halin Maman_Hanifa sai ta duba sama ta wuce abinta. Kuma akwai masu neman irin ƙarshen Anti da gangan, su suke bi suna tacewa.

Abu na biyu, a can ba a yarda ka nemi kuɗi da labarin ɗori ba, saboda taurarin ba naka ba ne. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka kuma, cikin sharuɗɗan abin da take kira littafin soyayya har da ƙarshe mai gamsarwa da kyakkyawan fata. Wato in ka raba su, ka kira shi da wani suna. Mu a nan komai "labarin soyayya" muke ce masa, shi ya sa ake cin karo.

Bazazzagiya
Kun ji ko? Ashe ma kuɗin bai kamata a karɓa ba.

Sadiya_PZ
Ba haka nake nufi ba Anti. Dokar shafinsu na faɗa. Mu a nan marubuciya da datarta take taifin a waya, wata sai ta kai cajin waya shago ta biya, ga masu kwashe littafin kuɗi su watsa a wasu zauruka kyauta. Kuma Anti Alƙalami ta canja suna, ta canja gari, ta canja kusan komai. Abin da nake so a ɗauka shi ne gargaɗin.

Ɗan_Tudun_Wada
In aka rubuta a sama cewa ba za su yi aure ba, wa zai ji faɗuwar gaba ranar da Nura ya buɗe takardar sakamakon a bakin ɗakin gwaji? Duk ƙarfin wurin nan rashin sani ne.

Anti_Nas
Bari in sa baki a kan kuskuren gwajin da 'YarSamaru ta kawo, don wannan fannina ne. Kuskure yana faruwa, shi ya sa muke ce wa mutane su yi gwajin jinotaif a wuri biyu daban, kuma su yi shi da wuri, tun kafin manya su shiga maganar. Amma in duka biyun sun nuna AS da AS, lissafin ba ya canjawa. Kowane ciki akwai kaso 1 cikin 4 a haifi mai SS, 2 cikin 4 AS, 1 cikin 4 AA. Inda mutane ke ruɗewa, sai su ɗauka in an haifi 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai ɗauka. Ba haka ba ne, kowane ciki da nasa lissafin. Na ga gidan da yara suka zo a jere duk masu sikila, na ga gidan da Allah ya tsare ba ko ɗaya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da amosanin jini. Jihar Kano ma a 2024 ta yi dokar wajabta gwaji kafin aure.

Ni da Anti ta sa kuskuren gwaji ya ceci auren nan, da na bi ta har gida da ƙorafi. 'Yan matan da ke karanta ta za su riƙe abin a ransu, ranar da nasu sakamakon ya fito su ce ai na Nura ma kuskure ne.

Ummu_Khalil
Ni ban cika magana a zauren nan ba. Mu mun yi aure ba a yi mana gwaji ba, lokacin ba a damu da shi ba a unguwarmu. Ɗana na biyu yana da shi. Ba na da-na-sanin haihuwarsa, Allah ya sani, yaro ne mai kaifin kai da fara'a. Amma daren da ciwon ya tashi, yaro yana murƙususu, ki taɓa shi ya yi ihu, ki ƙyale shi ya yi ihu, babansa yana bakin titi yana neman mai keke napep tsakar dare, a irin wannan daren ba mai tuna soyayya. Da na zo wurin da Bilkisu ta ce wa Nura gara ta yi kukan rabuwa da shi da ta ji ɗansu yana irin kukan Auwalu, ajiye wayar na yi na shiga ɗaki. Ban ji daɗin ƙarshen ba, amma ban ji an yaudare ni ba.

Maman_Hanifa
Allah sarki. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku ladan jinya.

Fulanin_Gyallesu
Amin ya Allah. Allah ya sa kaffara ce.

Jarumi_SS
Allah ya ba yaronki lafiya Umma. Ni SS ne. Na gama ABU, ina aikina, matata AA ce, muna da 'ya. Ba ni da ja a kan rabuwar Nura da Bilkisu, daidai suka yi. Abin da ke ci mini rai a labaran nan shi ne mu kullum ko gawa ne ko izina. A kawo mai sikila, ya sha azaba, ya mutu tun labari bai yi nisa ba, don jaruma ta ɗauki darasi. Yarinyar da ke da ciwon tana karanta wannan me za ta ɗauka game da kanta? Da shan ruwa sosai, da kiyaye sanyi da sauro, da shan magani a kan ƙa'ida, da zuwa asibiti a kan lokaci, da yawanmu muna nan muna rayuwa. Yaushe za a rubuta wanda jarumin ne da kansa mai sikila, ya yi soyayyarsa, ya auri AA ɗinsa, a yi guɗa?

Anti_Nas
Wannan gaskiya ne Jarumi. Tsangwamar da ake yi muku wajen neman aure ma wani ciwon ne daban.

Admin_Zaure
Jama'a mun gode da ilimin da aka ƙaru da shi. Mai tambaya kan gwaji ya tuntuɓi Anti_Nas ta gefe. Mu dawo kan maganar ƙarshen labari. Kuma wanda ya sake tura wa marubuciya zagi ta bayan fage zan cire shi, ko waye.

Abba_Kwangila
Matsa wa marubuci lamba a kan ƙarshe ba yau aka fara ba. A Ingila, Arthur Conan Doyle ya kashe jaruminsa Sherlock Holmes a 1893 don ya gaji da shi. Makaranta suka tayar da jijiyar wuya, har a 1903 ya dawo da shi da rai, ya ce dama bai mutu ba. Don haka masu ƙorafi kada a ga kamar sun yi abin kunya. Mai karatu yana da baki, kuma wani lokaci bakinsa yana tasiri.

Hajiya_Ƙofar_Doka
'Ya'yana ku bari tsohuwa ta ce wani abu. Labarin Laila da Majnun ƙarni nawa ana ba da shi? Ba su yi aure ba, kuma da sun yi da ƙila ba wanda ya san sunansu yau. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni yadda kuke wulaƙanta Malam Sadisu. Ku duba cikin iyayenku mata da gwaggwanninku, nawa ne suka auri saurayinsu na farko? Kaɗan ne. Da yawa sun yi kuka ranar kai su, suka zo suka samu mutumin kirki, aka yi zaman mutunci har tsufa. Ni shaida ce. Littattafan yanzu sun koya muku cewa in ba wanda zuciya ta fara bugawa dominsa ba ne, to auren hukunci ne. Mutumin da ya tsaya miki ranar da kowa ya gudu, ya san abin da aka faɗa a kanki bai yarda ba, wannan ba ƙaramin rabo ba ne. Matar mutum kabarinsa.

Zee_Hanwa
Hajiya ranki ya daɗe mun ji, amma a rayuwa ne ake haƙuri. A labari ma sai mun yi?

Alƙalamin_Kwarbai
Assalamu alaikum. Na karanta duka, har da saƙonnin da aka turo mini ta gefe, masu addu'a da masu faɗa. Na gode wa kowa, don wanda bai damu da labari ba ba zai ɓata datarsa a kansa ba.

'YarSamaru ƙanwata, kin ce ɗori gyara ne. Na yarda, kuma gyaran na yi. Abin da ya ƙona mini rai a fim ɗin ba rabuwar ba ce, yadda aka raba su ne. Makirci aka ƙulla musu, aka yi ta jan su kamar ba su da wayo, har aka gama ba wanda ya tambaye su me suke so. Ni kuma na ce zan ba su abin da aka hana su, wato su zauna da hankalinsu su yanke wa kansu. A nawa labarin ba mugun da ya ci nasara. An tona asirin masu ƙazafi, iyaye sun amince, kuɗin gaisuwa ya shiga, ba abin da ya rage tsakaninsu da aure sai takarda ɗaya da su biyu kaɗai suka gani. Suna iya ɓoye ta. Nura ma ya kawo shawarar haka a daren da sakamakon ya fito, kun karanta. Suka kwana biyu suka zaɓi abin da suka zaɓa. Abin da na aro daga fim ɗin halin yarinyar ne, mai sa wasu gaba da kanta. In na sa ta ɓoye takardar, na ajiye sunan na yar da mutumin.

Na san ƙarshen nan tun kafin in rubuta fejin farko, dominsa aka yi Auwalu. Fulanin_Gyallesu, nauyin da ke kaina na makaranta shi ne kada in yi musu ƙarya, kuma kada in kawo musu abin da ban shimfiɗa ba. Bazazzagiya, duk wadda take ganin an ci kuɗinta ta yi mini magana in mayar mata, ba komai wallahi. Sadiya, gargaɗin da zai faɗi ƙarshe ba zan sa ba, amma irin wancan na cewa marubuciya ta zaɓi ta yi shiru, mai shiga ya shiga da shirinsa, wannan zan iya. Jarumi_SS, maganarka ta shige ni sosai. In ka yarda zan neme ka da tambayoyi.

Jarumi_SS
A shirye nake Anti, duk lokacin da kika so.

Bazazzagiya
Ni ba kuɗina nake so ba Anti, na karanta ai, kuma rubutun ya yi kyau. Inda aka yanke fejin kyautan ne har yanzu ban gamsu da shi ba. Da an yanke a wurin rasuwar Auwalu, da kowa ya san irin gidan da zai shiga.

'YarSamaru
Anti na gode da kika amsa ni da mutunci. Maganar zaɓin da kika ba su ban kalle ta haka ba sai yanzu. Amma ga inda har yanzu nake tsaye: rabon bai yi daidai ba. Bilkisu ta samu miji, ta samu ɗa, ta samu mahaifinta. Nura me ya samu? Mun bar shi a asibiti yana duba yara masu sikila, shi ke nan. In za a haɗa daɗi da ɗaci, a raba wa kowa. Nan an ba ɗaya zuma an ba ɗaya maɗaci.

Ɗan_Tudun_Wada
A nan kam kin kama wani abu. Ni na ɗauki asibitin a matsayin nasa rabon, tunda saboda Auwalu ya koma wannan fannin. Amma gaskiya ko layi biyu ne da an nuna yana da wadda ke jiransa a gida.

Maman_Hanifa
Aiki ai ba ya dafa wa mutum abinci, ba ya yi masa sannu da zuwa.

Malam_na_Kongo
Ni kuma da an aurar da shi a fejin ƙarshe da na ce an yi gaggawa. Ba kowa ne ke warkewa lokaci ɗaya ba. An ce mana shekara uku ne kacal suka wuce. Barin sa haka ya fi nuna nauyin abin da ya sadaukar, kuma ba a rufe masa ƙofa ba.

Fulanin_Gyallesu
To ita Bilkisun cikin shekara ukun nan har da goyo, Malam. Ko mace ce ba ta buƙatar lokacin warkewa?

Hajiya_Ƙofar_Doka
Ita wa zai bar ta ta zauna shekara uku a gida bayan ta gama makaranta? Ku ma kun san garin nan.

Zee_Hanwa
Anti Alƙalami, tunda ke ma ɗorawa kika yi a kan na wasu, kin yarda ni ma in ɗora a kan naki? Ina so in rubuta nawa ƙarshen daga ranar da aka karɓo sakamako. Kyauta zan sake shi a nan zauren.

Alƙalamin_Kwarbai
Na yarda Zee, ban da bakin hanawa. Sharaɗina biyu: ki rubuta a sama cewa naki ne ba nawa ba, kuma kada ki mayar da Malam Sadisu mugu don ki samu hanyar kawar da shi.

Anti_Nas
Ni ma ga nawa sharaɗin, ban da kuskuren gwaji, ban da wani mai magani da zai mayar da AS ya koma AA. Babu wannan.

Zee_Hanwa
Na karɓa duka. Ranar Asabar in sha Allah zan sako fejin farko.

Maman_Hanifa
Ki yi mini tagin don Allah in kin sako.

Ɗan_Tudun_Wada
Zan karanta Zee. Amma an hana ki kuskuren gwaji, an hana ki mai magani, an hana ki ɓata Sadisu, kuma Bilkisu tana nan da abin da ta gani a jikin ƙanenta. Ta wace hanya za ki ɗaura auren?

Sadiya_PZ
Akwai ma'auratan da suka san dukansu AS ne suka yi auren, suka yanke ba za su haihu ba, suka ɗauki marayu suka riƙa. In ta bi ta nan sai ta shirya wa rigimar dangin Nura, don shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, kuma Hajiyarsa tun farkon labari jika take nema.